Sai da Aka Haska Kore Aka Ga Ciwon 'Yata

Salamu alaikum, na gida da na waje. Sunana Alhaji Sule, amma a Ƙofar Ruwa in ba ka ce Sule Giyabos ba, babu mai nuna maka shagona. Tsofaffin injinan mota nake sayarwa. Karatuna aji uku ne, shi ma na ukun malamin ne ya gaji da ni ya tura ni gaba. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi a zuciyarsa, da yatsa ɗaya nake dannawa. Abin da ya zaunar da ni rubutu wani ciwo ne na mata da ya kusa cinye min 'ya a Maleshiya shekarar korona, ina kwance a falonta ina kallon talabijin. Iyaye maza nake so su karanta, musamman masu irin halina.

'Yar fari ce, kuma ita kaɗai marigayiya matata Binta ta haifa min. Mu mutanen ƙauye ne daga wajen Dambatta, kuma a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Ranar suna da liman ya faɗi sunan, sunkuyar da kai na yi kamar an kama ni da akuyar wani. Daga ranar har ta shekara talatin da ɗaya, "ke" nake ce mata. In zan yi maganarta da wani, sai in ce yarinyar nan. Ita ma ba ta zama inda nake, ba ta cin abinci a gabana, gaisuwa daga bakin ƙofa. Na biya mata makaranta har digiri, na yi mata aure, amma ban taɓa tambayarta ina ke yi mata ciwo ba.

Mijinta Nura yana digiri na uku a can Maleshiya, a wata jami'a da ke Jalan Semarak, suna zaune a Danau Kota, hawa na goma sha tara. Shekararsu shida da aure, Allah bai kawo haihuwa ba. Ni na je ne in yi sati uku in zaɓi injina in dawo. Kwanana huɗu da sauka Nura ya tafi gida tattaro bayanan karatunsa, a kan zai dawo bayan wata guda. Sai aka yi kulle. Jirage suka tsaya cak. Shi yana can, ni ina nan, ni da yarinyar da ko ido ba ma haɗawa, a gida mai ɗaki biyu, falo da kicin a haɗe ba ko labule a tsakani.

Na kama falon na zama sarkinsa. Yaren Malay kalma biyu na iya, boleh, wato ya yi ko zai yiwu, da tapau, wato a ƙulle min in tafi da shi, kuma da su na yi mulki. Da yake an rufe masallatai, sai na naɗa kaina liman, ni da Ƙulhuwallahu ce jarina. Lokacin salla in ya yi, sai in je ƙofar ɗakinta in yi gyaran murya, ta fito ta tsaya bayana. Ana nan sai ta daina fitowa. In na yi gyaran murya sai in ji daga ciki, can ƙasa-ƙasa, wai ta yi tata. Kwana takwas ana haka. Ni da na yi zaman aure shekara da shekaru, wallahi lissafin bai zo min ba. Waya na ɗauka na kira ƙanwata Goggo Asabe a Kano na ce mata Maleshiya ta lalata yarinyar nan, jam'i ma ƙyuya take yi.

A lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, ni ne kuma mai fita. Da yake karatun nawa kun ji yadda yake, sai ta riƙa turo min hotunan kayan a waya: shinkafa, mai, albasa, sabulu. In je kedai, wato kantinsu, in nuna hoto a miƙo min. Audugar mata ba ta taɓa shiga cikin hotunan ba. Na ga dai yankakkun atamfa a shanye a baranda, har na yi mata tsiya ta bayan ƙofa na ce ashe an koma tela ba a sanar da mu ba. Daga baya na ji zannuwan lefenta take yankawa.

Azumi ya same mu a kulle. Wajen tsakiyar watan abin ya sake zuwar mata, kuma wannan karon ta zaɓi ta nuna min tana azumi. Maganin ciwon nata yana kicin, a durowar saman butar shayi, ni kuma ina kwance taku biyu daga wurin tun safe har magariba. In ta fito ta ɗebi ruwa ta haɗiyi ƙwaya da rana tsaka, ta gaya min abin da take ɓoyewa ke nan. Sai ta haƙura da maganin, ta haƙura da abincin. Rana ta uku, wajen azahar, na ji tukunya ta faɗi. Na ɗago na gan ta a ƙasan tayil, ta naɗe kamar tabarma, leɓenta fari fat.

Na tsaya a kanta ina cewa ke, ke. Hannuna ya ƙi zuwa. Rabon da in taɓa ta tun tana zanin goyo, shi ma a ɓoye. Da gudu na sauka hawa na ƙasa, ba takalmi ba takunkumi, na buga ƙofar Maman Ilham, matar wani malamin jami'a ɗan Katsina, wadda ita ce ƙawarta a ginin. Ita ta ɗago ta, ta shiga banɗaki ta fito, ta dube ni ta ce, "Baba, kwana uku yarinyar nan tana zubar da jini haka, kana gidan nan?"

Na ce ai azumi take yi. Ban taɓa faɗar maganar da ta fi wannan wauta ba, kuma na faɗi da yawa.

Muka kira tasi ta waya zuwa asibitin gwamnati. Rumfa aka kafa a waje, ana ɗora wa kowa bindigar auna zafi a goshi. Yarinyar kaɗai aka shigar. Ni na zauna a bakin kwata awa shida, da azumi a bakina, ina kallon motocin asibiti suna shiga da fita. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi mata allura, sun ƙara mata ruwa, sun yi hoton ciki. Suka ce akwai ƙulli a gidan ƙwai na hagu, amma an dakatar da duk tiyatar da ba ta gaggawa ba, ta dawo ganin likitan mata bayan sati shida. Kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, inshorar da ke kan bizarta kuma suka ce tsohon ciwo ne, babu ruwansu.

A hanyar dawowa, tana barci a kafaɗar Maman Ilham, na ji tarihin 'yata daga bakin maƙwabciya. Tun tana shekara goma sha huɗu take wannan ciwon duk wata. Har suma take yi. Bayan gida ma in lokacin ya zo kamar ana yanka ta. Shekara uku da suka wuce an yi mata aikin kyamara a wani asibitin kuɗi a gida, irin wanda ake huda ciki a leƙa, suka rubuta cewa ba su ga komai ba. Wannan takardar ita ta kashe ta a tsaye. Uwar mijinta ta ce raki ne. Goggo ta ce aljani ne ya aure ta. Ita kanta ta fara zargin kanta. Aikin nan har gudummawa na bayar, an ce min binciken haihuwa ne, na ce Allah ya sa a dace, ban ƙara tambaya ba.

Washegari na je kedai da hoton audugar mata da Maman Ilham ta turo min. Na yi dawafi wajen sau huɗu a gaban kantar kafin na miƙa hannu. Kala-kala ne, wani mai fiffike, wani dogo, wani na dare. Na rasa na zaɓa, na kwaso biyar. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta dube ni ta saman takunkumi ta ce wani abu, na ce boleh. Na ajiye ledar a ƙofar ɗakin, na yi gyaran murya, na gudu baranda.

Cikin sati shidan nan na jira, na biyu da na uku na Goggo ne. Kullum saƙon murya. Habbatus sauda da zuma. Kanumfari da tafarnuwa a ruwan zafi. Ta haɗa mu da wani malami yana yi mata ruƙiyya ta waya, an kara mata a kunne, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Ta ce a yi hayaƙi. Na sa garwashi a murfin tukunya na zuba abin da na samu, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, mai gadi ya hau da gudu yana zazzaga min yaren da ban sani ba. Na ce masa boleh, ya ce ba boleh ba. Addu'a ban raina ta ba har gobe, ita ta riƙe mu. Amma ciwon yana nan yana aikinsa.

Sati na huɗu ciwon ya koma kwiɓinta na hagu, ta baya. Ga amai, ga zazzaɓi. Zazzaɓi kuwa a shekarar nan, ko faɗarsa ka yi sai lif ta zama taka kai kaɗai. Ba ta iya miƙewa, da rarrafe take shiga banɗaki. Maman Ilham ce mai shiga wurinta, ni ina falo ina zirga-zirga. Wata la'asar na ji muryarta ta ƙofa tana cewa, "Anti, ki roƙa min Allah ya ɗauke ni. Na gaji. In aka sake dubawa aka ce babu komai, ban san inda zan sa kaina ba."

Na fita baranda na riƙe ƙarfe. Daga hawa na goma sha tara garin gaba ɗaya shiru, tituna wayam, ga dogayen gine-gine ga asibitoci ko'ina, ni kuma ban san ƙofar da zan buga ba. Na kira Nura, muka yi ta kuka a waya, babu mai lallashin wani.

Maman Ilham ce ta binciko wata likitar mata a wani asibitin kuɗi wajen Brickfields, Ba'indiya, wadda aka ce wannan ciwon shi ne aikinta. Na kira dilan da zan sayi injina wurinsa na ce a fasa. Abin da na zo da shi na kasuwa can ya tafi, Nura ya haɗo abin da ya samu, matan ginin suka yi karo-karo ba tare da an roƙe su ba. Allah ya saka musu.

Ranar ganin likita yarinyar kaɗai aka bari ta hau. Ni na zauna a bencin tashar bas da ke tsallaken titi. Bayan kamar awa biyu wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ta ce likita ce ta ce a kira ni, tana son ta yi min tambaya, ita za ta fassara. Ina jin likitar tana maimaita maganar da Turanci a hankali. Can ta ce, "Baba, wai tana tambaya... ko Inna tana yin ciwo. In wata ya yi."

Mutane suna wucewa da takunkumi, wani yana share gaban shagonsa, ni kuwa Binta ce ta zo min a ido. Duk wata sai ta kwanta a ƙasan siminti, ta gasa dutse ta naɗe a tsumma ta ɗora a mara. Ni kuma in shigo in tsallake ta in ce mai rakin wata ta fara, yau tuwon maƙwabta za mu ci. Abokaina har sun san wannan barkwancin. Bayan ta haifi yarinyar nan ba ta sake ko ɓari ba, aka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe. Har ta koma ga Allah da wani ciwon daban, ban taɓa kai ta asibiti a kan wannan ba.

Na ce, "Ki gaya mata tana yi. Har ta kan suma. Ki gaya mata ni kuma dariya nake yi mata."

Ban sani ba ko ta fassara na ƙarshen.

Likitar ta ce ciwon yakan bi jini, uwa da 'ya. Ta faɗi sunansa, endometiriyosis. Sati na yi ina haddace shi kamar sabuwar sura. Yadda aka fassara min: irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa, wanda ke zubewa duk wata, shi ne yake tsirowa a inda ba gidansa ba, a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji. In wata ya yi shi ma sai ya kumbura ya yi jini, ga shi babu hanyar fita, sai ya yi ta manne kayan ciki kamar an zuba gam. Wani tsiron baƙi ne, kowa zai gani. Wani kuwa fari ne ko kalar naman wurin, ko ya nutse ciki, kyamara ta wuce ta kansa a rubuta babu komai.

Sai ta zo kan abin da ya fi tayar mata da hankali. Sabon hoton ya nuna ƙodar hagu ta kumbura. Akwai siririn bututu da ke sauke fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, kuma tana zargin tsiron ya shaƙe shi. In ba a kwance shi da wuri ba, ƙodar za ta mutu a hankali ba tare da ta yi sallama ba.

Na ce a tambaye ta, tun da an taɓa leƙawa ba a gani ba, ita da wane ido za ta gani? Ta ce za a yi hudar nan ƙanana a sa kyamara kamar wancan, amma akwai wani ruwa kore da za su yi mata allurarsa a jijiya ana cikin aikin. Kyamarar tana da wata fitila ta daban wadda idon mutum ba ya ganin haskenta. In aka kunna, duk inda ruwan ya bi sai ya yi ƙyalli a allo. Inda tsiron ya tara ƙananan jijiyoyi yakan fi haske, inda ya taurare kuma yakan fito baƙi a tsakiyar kore. Shi ma bututun ƙodar za su zuba masa ruwan, ya haska kamar igiya, don a bi shi a kwance ba tare da an yanke shi ba.

Duk bayanin da aka yi min a ƙasar nan, wannan ne kaɗai na gane tun kafin a gama. Na ce ai haka masu gyaran esi suke yi a garejinmu: in gas yana yoyo an rasa wurin, sai su zuba ruwan kala, su haska 'yar fitila, wurin ya tona kansa. Na ce ki gaya mata ashe aikin kwamfuresa za a yi miki. Na ji likitar ta yi dariya ta ce boleh lah. Amma ta ja min kunne. Ta ce hasken taimako ne, ba ya nuna komai da komai, ido da hannun mai aiki ne gaba. Ta ce ciwon yana iya dawowa, kuma haihuwa ba za ta yi mana alkawarinta ba. Ta tambaya ko jikin yarinyar yana ƙin aidin, aka ce a'a, aka sa rana.

Saura kwana biyu aka samu mai korona a hawanmu. Aka hana mu fita kwana goma sha huɗu, asibiti suka ɗaga aikin. Waɗannan kwanakin ba na son tuna su. Maman Ilham ba ta da damar hawowa, sai dai ta aiko abinci a ajiye a bakin lif. Watan ya sake zagayowa a ciki. Ina ƙirga kwanaki ina tunanin ƙodar nan, kamar injin da ake tuƙawa ba mai, kana jin ƙararsa ba ka da wurin tsayawa. Wannan karon dai ni nake kai maganin da ruwa. In durƙusa a bakin ƙofa in tura faranti, in ce ke, ki sha. In cika robar ruwan zafi in naɗe a tawul in tura. Da na riƙe tawul ɗin nan sai in tuna dutsen Binta.

Da aka sake mu aka yi mata gwajin hanci, ya fito lafiya. Takardar amincewa ita ta sa hannu da kanta, an rubuta a ciki cewa in ta kama za a cire gidan ƙwai na hagu. Nura yana waya yana cewa a tambaya ko akwai wata hanya. Ta ce masa ko mahaifar ce gaba ɗaya su ɗauka, ita dai a ga abin, a daina cewa ƙarya take yi.

Da sassafe aka shiga da ita. Na koma bencina. An ce awa uku. Azahar ta yi, na yi salla a gefen titi a kan kwali. Awa biyar. Wani dattijo mai mamak, wato rumfar shayi da abinci, a kusa, da ya ga tun safe ban motsa ba, ya kawo min shayi a leda mai igiya, tapau, ya ƙi karɓar ko sisi. Na riƙe shi har ya huce. Na karanta duk abin da na iya, ya ƙare, na koma farko. Na yi wa Allah alkawura da yawa, wasu ma na san ba zan iya cikawa ba.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara, kiran bidiyo, lambar da ban sani ba. Wata nas ce, fuska a rufe sai ido. Ta juya wayar. Ga yarinyar nan a kwance, roba a hanci, ido a rufe, tana juya kai tana wani irin nishi. Da ɗan Turancin kasuwata da nunin hannunta na gane an gama aiki, amma ta yi nauyin farkawa daga allurar barci, suna kiranta ba ta amsawa, sai wata magana take yi da yarenmu. Nas ɗin ta kara wayar kusa da kunnenta ta ce, Ankul, kira ta.

Na ce, "Ke. Ke, tashi."

Babu abin da ya canza. Nas ɗin ta leƙo cikin wayar ta ce suna, Ankul, sunanta.

Ina tsakiyar Brickfields, babu wanda ya san ni, babu wanda ya san Dambatta, amma sai da na waiga hagu da dama. Sunan da ni na zaɓa da kaina, na raɗa wa liman a kunne, shekara talatin da ɗaya yana cikin bakina ban taɓa fito da shi ba.

Na ce, "Rabi." Muryar ta fito kamar ta wani. Na sake cewa, "Rabi'atu. Babanki ne. Buɗe ido."

Ta daina juya kai. Can ta buɗe ido, ta yi ta neman inda maganar ta fito.

Kwana biyu bayan nan likitar ta sauko da kanta har bakin ƙofar asibiti, da hotuna a babbar waya, Maman Ilham tana fassarawa. Ta nuna min hoto na farko da farar fitila: nama ja, sumul, ni ban ga komai ba. Ta goge da yatsa zuwa na biyu, wuri ɗaya ne, an kunna ɗaya fitilar. Ga ɗige-ɗige sun fito, ga wani baƙin tabo kamar an ɗiga bakin mai a kan ciyawa. Ta ce wasu ta riga ta gan su da idonta, amma biyu sai da hasken ya sa ta koma ta duba. Sai ta nuna bututun. Kore shar, yana saukowa kamar igiyar fitila, ya zo wani wuri ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare. Ta ɗora yatsa a wurin ta ce ga abin da aka ce babu.

Sun kwance bututun, sun cire tsiron da suka samu, sun cire gidan ƙwai na hagu. Na dama yana nan, mahaifa tana nan. Ƙodar kuwa, gwajin da aka yi daga baya ya nuna kaɗan take aiki, ba za ta koma yadda take ba, ta dama ce ke ɗauke da nauyin. Na tambaya da an zo da wuri fa? Likitar ta ce ba ta da tabbas, abin ya daɗe yana taruwa, amma wata biyu ko uku suna da yawa a wurin ƙoda. Na ƙirga baya da yatsuna. Wata ukun nan ina falon, ina limanci, ina tsiyar tela.

Korona ta ci nata, masu layin sati shida sun ci nasu, wanda ya rubuta babu komai ya ci nasa. Ina da ƙorafi a kan kowa. Amma ni ne nake taku biyu daga durowar magani.

Yanzu tana shan magani kullum, tana komawa ana duba ƙodar. Ciwon wata ya ragu har tana yin girki a ranakun. Haihuwa har yau shiru, mun bar wa Allah. Hoton koren nan na sa an wanke min, na tura wa Goggo da uwar Nura ba tare da na rubuta komai a ƙasa ba. Wanda ke da 'ya ko mata da ke kwanciya duk wata, tana amai, tana suma, kada ya ce raki. In an duba an ce babu, ciwo kuma bai daina ba, a nemi wani likitan, a ce a duba har ƙoda. Ba kowane asibiti ke da fitilar nan ba, amma tambaya kowa yana da ita a bakinsa. Wanda ya karanta kuma ya sa Binta a addu'a, ya roƙa min ta yafe.

Ranar da aka sallamo ta, na kai mata kunu har cikin ɗaki, karo na farko da na tsallaka ƙofar. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na zauna a bakin gado ina kallon bango, ita ma tana kallon wani bangon. Can ta ce, "Baba, ranar nan da na ji an kira ni, na ɗauka mutuwa na yi."

Na ce saboda me?

Ta ce, "Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba."

Ni da ba a rufe min baki a Ƙofar Ruwa, sai kawai na tura mata kofin na ce, "Sha kafin ya huce, Rabi. Kuma in wata ya yi, ki gaya min."